Mai Neman 'Yan Ƙuri'ar Taki

A kasuwar Bungudu, Malam Ma'u manomin Rawayya yana ƙare wa wani baƙo kallo. Takalmi tsaf kamar bai taɓa shiga gona ba, tabarau a goshi, ga murmushin da ya yi yawa. Ɗan koren wani ɗan takara ne, ko mai neman suna?

Baƙon yana rusunawa rabi-rabi. "Baba, ku ake kira 'yan ƙuri'ar taki, masu zaɓen wanda ya raba buhu? Zan sa sunan a kundin sani na intanet in ya cancanta."

Ma'u yana duban yatsan da ke jira a kan waya. Jikokinsa suna karanta waya, za su ga sunan.

"Malam, mu nan ba a raɗa suna sai an yanka rago. Wa ya yanka na wannan?"