Hoton hannun ɗana a jikin taga

Da maigidana ya tafi karatun digiri na biyu, dangi suka yanke cewa likita zai dawo. Ya faɗa har bakinsa ya gaji: shi injiniya ne, na'urorin da ke ɗaukar hoton cikin jiki yake karanta, yadda suke aiki da yadda hoton zai fito tas. Inna, mahaifiyarsa, ta ce ai duk asibiti ne. Ni da na tsaya a firamare, abin da na sani shi ne yana can jami'a, ina nan Kontagora da yaro mai ƙiriniya da ko yaye shi ban yi ba.

Ran nan yaron ya hau turmi ya faɗo. Hannun hagu ya kumbura suntum, ko taɓawa ba ya bari a yi. Na goya shi na tari mashin sai asibiti. Aka ɗauki hoton yana tsala ihu yana fizge-fizge, aka miƙo mini, aka ce likita tana tiyata, in dawo gobe.

Kafin in iso gida Inna ta aika garin Ibeto a kira mai ɗori. Har an kama kaza an ɗaure, don shi sai ya karya ƙafar kaza ya ɗaure ta, wai ranar da ta taka yaro ya warke. Ni ba kazar ce ta dame ni ba. Na taɓa ganin yadda yake jan hannu yana murzawa, kuma akwai yarinya a layinmu da hannunta ya kame a lanƙwashe.

Na ce, "Inna, a bari mu ji ta bakin ɗanki mana."

"Kira shi, 'yar nan. Dama me muka tura shi yi?"

Na manna hoton a taga don haske ya ratsa shi, na ɗauka da waya na tura masa. Inna ta leƙo ta kafaɗata, ta ga wani baƙin layi ya raba ƙashin biyu, ta saki salati.

Sai ga kiransa. "Wannan layin ya cika miƙewa. A ina kika ɗora hoton?"

"A taga."

"Ƙarfen tagarmu ne. Fita tsakar gida ki ɗaga shi sama."

Na fita, na sake turawa. Sai ya fara: yaron ya motsa, gefen ƙashin ya yi dishi-dishi, kuma ta gefe ɗaya kawai aka ɗauka.

"Maigida, ya karye ko bai karye ba?"

"Ni ba likita ba ne."

"Kullum kana kan hoton ƙashi!"

"Hoton nake kallo, ba ƙashin ba. Mu a ɗakin gwaji ma ba mutum muke sawa ba, wata roba ce cike da ruwa."

Roba! Ɗansa na shessheƙa a bayana, shi yana ba ni labarin roba. Na ji kamar in maka wayar da ƙasa, Inna ta fizge ta.

"Kai, kar ka kawo mana boko. A ɗora ko kar a ɗora?"

Ya ce, "Inna, abin da na sani, hoton nan bai nuna komai ba. Wanda bai ga inda ya karye ba, ina zai ja? Don Allah kar kowa ya taɓa hannun sai an sake ɗauka."

Inna ta yi tsaki, ta ce karatun da ba ya cewa i ko a'a ita ba ta san amfaninsa ba. Amma ta bari.

Washegari na faɗa wa mai hoton abin da maigida ya ce, a ɗauka ta gaba da ta gefe. Ya harare ni, ya rataya mini wata rigar kariya daga hasken na'urar mai nauyin tsiya. Na naɗe yaron da zani, na ba shi nono har ya yi lamo. Likita ta ɗaga sabon hoton ta nuna mini 'yar tsagewa kusa da gwiwar hannu, siririya kamar zare. Ta ce da an ja, da ta buɗe. Aka naɗa masa farin filasta mai tauri.

Mai ɗori ya iso ya tarar da hannu a naɗe. Ya sha ruwa, ya yi wa yaron addu'a, ya tafi da kazarsa da ƙafafunta lafiya lau.

Har yau Inna tana faɗa wa maƙwabta ɗanta likita ne ya gano karayar ta waya. Su kuma suna ta kawo hotunan ƙashinsu, kuma ni suke miƙa wa in tura masa.