Baba Dabo, Mai Tambayar Ƙasa Kafin Ya Taɓa Ƙarfe

Da an idar da sallar asuba, Baba Dabo mai walda ba ya komawa gida. Yakan dogara sanda har rumfarsa da ke bakin hanya a Lakwaya, ya zauna kan benci, ya jawo ƙorai da ledojin da manoma suka ajiye masa. Ba hatsi ba ne a ciki, ƙasa ce. Sai ya ɗebo, ya yayyafa mata ruwa, ya dunƙule, ya murza. A da da ido yake duba ta. Yanzu hasken walda na shekara talatin ya cinye idanun, saura yatsu.

Sana'arsa ƙera rola ce, gangar ƙarfen nan da shanu ke ja bayan an yi haro, wato an kafce gona, ta farfasa hoge, ta danne ƙasa don iri ya kwanta daidai. Wanda bai sani ba sai ya ce ai rola rola ce. Shi ma haka ya ɗauka, har ranar da ƙasa ta koya masa hankali.

Ta farko da ya ƙera mai santsi ce, ganga aka cika da siminti. A jigawar Lakwaya ta yi abin kirki, don rairayi yana son a danne shi ya riƙe laima. Yabo ya yi yawa, kai ya ɗan kumbura. Sai Uwaliya ta ƙauyen Gude, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da gona ɗaya, ta aiko neman aro. Da kansa ya kai, da shanunsa, don neman lada. Bai lura ƙasarta laka ce ba. Rolar ta shafe gonar kamar daɓen ɗaki, ruwa ya sauka, rana ta buɗe, saman ya yi ɓawo. Mako biyu ko tsiro ɗaya na waken suya bai leƙo ba. Da ya je ya tona da wuƙa, sai ya tarar duk sun tsiro, sun tura ɓawon sun kasa, sun karye a wuya.

"Malam Dabo, kada ka sa wa ranka damuwa," in ji Uwaliya. "Taimako ka zo yi. Haka Allah ya so."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Damina ta riga ta yi nisa, ga babu sauran iri. A kakar nan da kala a gonakin mutane ta ciyar da marayunta, yana gani.

Tun daga nan ya kafa doka: ba ya ba kowa rola sai an kawo masa ƙasar gona. Ya ƙera mai haƙora don laka, tana fasa hoge ba ta liƙe fuska. Ya ƙera mai zobba, faifan ƙarfe a jere da tazara, tana barin 'yan kwaruruka da ruwa zai zauna maimakon ya kwashe iri. Mai santsi kuwa ya bar wa jigawa. Alhaji Dalhatu na garin Jama'a har gobe yana ba da labarin yadda ya zo a gaggauce aka kore shi. "Alhaji, ko gwamna ne kai sai na ga ƙasa," in ji Dabo. Alhajin ya koma yana ƙunƙuni, ya ɗebo, kuma bai taɓa yin sake-shuka ba tun shekarar.

Baba Dabo, kai ne ka yi kuskure sau ɗaya ka ƙi yafe wa kanka, gonaki ɗari suka tsira. Dabo maganin hoge! Babu takardar yabo a rumfarka, babu wanda ya taɓa kiran sunanka a taro.

Abin da ke ci wa mai wannan rubutu rai shi ne bana zai rufe rumfar, kuma babu wanda ya zauna ya koyi murza ƙasa. Masu walda sun cika gari, amma duk mai santsi suke ƙerawa don ta fi sauƙi, su miƙa wa kowa ba tambaya.

Makon jiya wata tsohuwa ta zo, ta ajiye ƙwarya gabansa ba ta ce uffan ba. Ya ɗebo, ya murza.

"Lakar Gude ce," ya ce. "Uwaliya, ke ce? Ki yafe mini shekarar nan."

"Haba Malam! Shekara ashirin da biyar ina cin wake albarkacin mai haƙoranka. Ni tambaya ta kawo ni: in ka rufe, wa zan kai wa ƙwaryata?"

Hawaye ne suka zubo daga idanun da ba sa gani.

Mun gode, Baba Dabo. Allah ya saka da alheri, ran da ta Allah ta kasance ya sa haske a makwancinka fiye da wanda walda ta ɗauke. Ku kuma masu walda na Gwarzo da Kabo, ku ajiye ƙarfe yini ɗaya, ku ɗebi ƙasa ku je ku durƙusa gabansa tun yatsun nan suna motsi. Uwaliya tana jiran amsa.