Kanwa a Kwalbar Kifi

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damana, makon da aka koma lakol, wato makarantar boko, shekarar da na shiga aji huɗu. Laraba ba a komawa aji da yamma, don haka ina ajiye jaka na sulale zuwa tabkin bayan ƙauyenmu da ke kusa da Gangara. Kafin la'asar na shigo gida da gudu, wandona ya jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, na rungumo wani tsohon gwangwanin tumatir, ruwa yana zuba a ƙirjina. A cikinsa akwai 'ya'yan kifin karfasa, kowane bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Mata suna ta sussukar sabon hatsi a tsakar gida, ƙaiƙayi yana tashi, ban kula kowa ba na wuce gindin dogon yaro inda ƙanwata Rabi take zaune a tabarma.

Rabi tana da wajen shekara bakwai a lokacin. Ciwon shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana goye, saboda haka duniyarta ba ta wuce ɗakin mahaifiyarmu da gindin bishiyar nan da bakin zaure ba. Mu kuwa damana lokacinmu ne. Mu kai awaki kiwo, mu kori tsuntsaye a gona, mu yi langa, mu faɗa tabki iyo har idonmu ya yi ja. In na dawo sai ta tsare ni da tambaya, wai kifi yana rufe ido in zai yi barci, wai ba ya jin sanyi. Ita busasshen kifi kawai ta sani, wanda ake farfasawa a miya. Ranar da Mushe, malaminmu, ya nuna mana hoton wani akwatin gilashi da kifaye suke yawo a ciki, ya ce sunansa akwariyum, Rabi ce ta fara faɗo mini a rai.

Akwatin gilashi dai babu shi a ƙauyenmu, amma Kawu Idi mai tebur yana da wata ƙatuwar kwalba da yake zuba alawa, wadda murfinta ya fashe. Sai da na yi ta yankar wa jakinsa ciyawa har ya gaji da ganina kafin ya ba ni ita. Na bi bayanin Mushe dalla-dalla. Na wanke yashi har ruwansa ya daina duhu, na shimfiɗa a ƙasan kwalbar, na jera 'yan duwatsu, na dasa ciyawar tabki da saiwarta. Ruwan ma na tabkin na ɗebo, na bar shi ya kwanta tukuna. Na kife wani tsohon turmi a inuwa na ɗora kwalbar a kai daidai fuskar Rabi, na rufe bakinta da yankin gidan sauro saboda kyanwa da kaji. Duk wannan na gama shi kafin Larabar nan, kifin kawai ya rage. Da na juye gwangwanin, kifayen suka watsu suka ɓuya bayan duwatsu, can kuma suka fito ɗaya bayan ɗaya. Rabi ta manna goshinta a jikin kwalbar, ba ta ɗago ba har aka kira magariba.

Daga ranar gidanmu ya sake. Ita ke ba su abinci, 'yar dusa kaɗan a bakin yatsa ko gara idan na tono mata. Ta raɗa musu suna, akwai Sarkin Yawo, akwai Mai Kunya wanda kullum yana bayan dutse. Yaran unguwa da a da suke wuce ta a guje suka koma zama a tabarmarta, ita ce mai bayani, ita ke cewa wane ya matsa, wane kada ya taɓa. A da ni nake kawo mata labari daga waje, yanzu ina dawowa daga lakol ita ke tarbata da nata. Ban taɓa ganin ta da baki haka ba, kuma na ji daɗi ƙwarai.

Mutum ɗaya ce abin bai kwanta mata ba, kakarmu da muke kira Iya. Iya ta ƙware a kiwo, awakinta sun fi na kowa sheƙi a unguwar, kuma sirrinta kanwa. Ƙawarta wata Bafulatana mai kawo nono ce ta ƙara tabbatar mata cewa dabbar da ba ta shan kanwa ba ta yin jiki, don haka ko tunkiya ce ta yi atishawa, Iya za ta jiƙa kanwa da dusa ta ba ta. Takan tsaya da sandarta ta leƙa kwalbar ta girgiza kai, ta tsokane ni da sunan da take kirana. "Maigidana, wanga wane irin kiwo ne? Kwana da kwanaki dabba ba ta ƙara ko kaɗan? Yunwa kuke kashe su da ita." Ni kuwa sai in yi dariya in ce ta je ta ji da awakinta.

Wata rana ina lakol, an shiga da Rabi wanka, Iya ta jiƙa kanwa a ludayi, ta haɗa da dusa cikin tafin hannu, ta ɗaga gidan sauron ta juye. Da na dawo da rana na tarar ruwan ya yi fari kamar ƙasari, kifayen duk sun taso sama, sun juya ciki, matattu. Rabi ba ta yi kuka ba, ta dai juya wa kwalbar baya, kuma wannan ya fi kukan ciwo. Ban gama tambayar wanda ya yi ba Iya ta amsa da kanta. "Ni ce. Kanwa na sa musu don su ji ƙarfi." Raina ya ɓaci, na ɗauki gwangwani na ruga tabki. Ruwan ya ja baya sosai, shanu sun tattake bakinsa, samari sun kwashe abin da ya rage, balbela tana tsintar sauran. Na yi ta laluben taɓo har yamma ban samu ko ɗaya ba. Kowa ya san ba sauran kifi sai wata damanar.

Rabi ta ƙi tuwo a daren, da safe ta ƙi koko. Ranar ba lakol, yara suka leƙo, suka ga kwalba babu komai, suka wuce. Iya ta zauna a bakin ɗakinta tana kallonta, ko awakinta ba ta kwance ba. Da hantsi sai ta miƙe ta ɗauko babban zane, ta durƙusa gaban tabarmar ta ce a ɗora mata yarinyar. Mahaifiyarmu ta ce, "Iya, ta yi miki nauyi, ga bayanki." Iya ta ce, "Ubanta ma ni na goya shi, ita ce za ta gagare ni?"

Haka muka fita, ni ina riƙe da sandarta, ita tana tafe a duƙe, ƙafafun Rabi suna reto har kusan gwiwarta. Muka ratsa gonakin da aka girbe, tana tsayawa ta huta a jikin kara ta sake tashi. A bakin tabki ba ta tsaya ba, ta tuɓe takalmi ta shiga taɓon, tana nutsewa tana cirowa, har ruwa ya taɓa tafin ƙafar Rabi. Rabi ta ƙwalla ƙara don sanyi, sai kuma ta fashe da dariya. Ta ga shanu suna shan ruwa, ta ga furen bado, ta ga kwaɗi suna tsalle. Kifi dai ba mu gani ba. Iya tana haki ta ce, "Ki yafe mani, Rabi. Ni awaki na sani."

Yau a ɗakina a Gazawa akwai akwariyum na gaske, da fitila da ɗan injin da ke hura iska, da kifaye masu launi da ake kawowa daga ƙetaren iyaka. 'Ya'yana sukan wuce shi idonsu a kan waya. Tabkin ƙauyenmu ya koma ramin bulo da leda, Iya kuma ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Rabi tela ce yanzu, tana zuwa gidana a kekenta na guragu. Ran nan ta zauna gaban gilashin ta daɗe, sannan ta ce mini ta manta kamannin kifayenmu na da, amma ba ta manta sanyin ruwan nan a ƙafarta da numfashin Iya a ƙirjinta ba. Ina kewar tsohuwar nan ƙwarai.