Ni na ba Duna kayan cikin kifi

Jama'a, yau hannuna ya jawo mana rashi a gida!

Kun san Duna, baƙin karen da ke raka tumakin Baffa kiwo shekara da shekaru. Ranar kasuwar Gwiwa na sayo ɗanyen karfasa, na zauna bakin rijiya ina gyarawa. Ya zo ya tsaya yana kaɗa jela. Na watsa masa kayan cikin, ya lashe tas!

Bayan kwana biyar ya daina cin abinci. Sai amai, sai zawo. Jiya ko tashi bai iya ba.

Yau da hantsi Baffa ya kira likitan dabbobi daga Kazaure. Likitan yana taɓa Duna ya ce, "Ya ci ɗanyen kifi ne?"

Na ce, "Kayan ciki na ba shi."

Ya ce, "Kash! Ai binne su ake yi, ko a dafa kafin a ba kare."

Bai gama zuƙo allura ba Duna ya miƙe ƙafafu. Shi ke nan!

Na durƙusa na ce, "Baffa, ku yafe mini."

Ya ce, "Tashi, Hadiza, ba ki sani ba." Sai ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Da aka buɗe wa tumaki, suka fito suka yi cirko-cirko a ƙofar gida suna jiran Duna. Baffa ya kora, ya kora, sun ƙi tafiya!