Ranar da Baba Ya Sa a Daka Iri

Har yau in na bi hanyar Ambursa a lokacin kaka na ji warin shinkafar da ruwa ya kwanta a kai, sai gabana ya faɗi. Warin nan ne ya cika gidanmu a Gulma shekarar da gulbi ya cinye gonar Baba, saura kaɗan a yi yanka.

Kun san dai manomi ko yunwa za ta kashe shi ba ya taɓa iri. Namu yana cikin wata tukunya a ɗakin Inna, an liƙe bakinta da laka. Wata safiya Baba ya fasa lakar, ya ce a daka a dafa, shi da fadama har abada, Allah ya manta da shi. Inna tana daka tana hawaye. Mu kuwa, yaran banza, murna muke za a ci tuwo.

Ana cikin haka kakanmu na wajen uba ya fito. A Birnin Kebbi ya yi karatu, mutum ne da ko akuya ta ci masa takarda ba ya zaginta. Ya leƙa turmi, ya dubi ɗansa.

"Iblis," ya ce.

Wallahi taɓarya sai da ta kuɓuce wa Inna. Ni na zaci wani mai ƙaho zai faɗo daga katanga, don abin da na san sunan yake nufi ke nan. Kaka bai ɗaga murya ba. Ya ce malamansu sun karantar da su sunan daga Larabci yake, ma'anarsa wanda ya yanke ƙauna daga rahamar Allah.

"Shi ma ya san Allah, ya hi ka sani. Ƙauna tai yanke mai. To, ci."

Baba, gandamemen mutum, ya durƙusa gaban turmi yana tsince ƙwayoyin da ba su fashe ba. Da su ya koma fadama, muka rayu. Amma har Kaka ya rasu, gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Yanzu a unguwar Badariya inda nake zaune, in yaro ya fasa kofi sai uwa ta ce masa ɗan iblis, a yi dariya. Ni bakina ba ya iyawa. Na ga kalmar nan ta ceci gona, ta raba uba da ɗa, kuma ban san wanne Kaka zai zaɓa ba da an sake ba shi safiyar.