Shanyar Shinkafa a Hanyar Argungu

Badariya

Ana sallame sallar asuba na fito da kekena daga gidana a unguwar Badariya, zuciyata sai tsalle take don murna. Rabona da hawansa tun ranar da mota ta banke ni a Zauro, kafaɗata ta karye. Matata Hadiza ta biyo ni har zaure ta ce, "In kas sake hwaɗuwa, wallahi kekenga ya bar gidanga." Na san ba wasa take ba, ni kuwa a raba ni da keke an gama da ni. Abokina Bello, wanda muke ɗinki a rumfa ɗaya, ya iso da nasa, muka ɗauki hanyar Argungu.

A Gwadangaji muka sha koko da ƙosai mai zafi. 'Yan sandan shinge suka yi mana dariya, ɗayansu ya ce, "Har Argungu bisa keke? Allah shi ba ku gwiwa!" Iskar fadama na kaɗa mu, ni har waƙa nake.

Zauro

Nan waƙar ta tsaya. Lokacin girbi ne, manoma sun baje shinkafa a gefen kwalta tana shan rana, daidai inda mai keke ke bi. Mu kuwa ba ma taka abinci, sai mu ratse mu shiga tsakiyar titi. Haka na yi wancan karon aka kwashe ni. Duk da haka yau ma na ratse.

Sai ga odar mota a bayana kamar za ta fasa kunne. Motar haya ta ci birki, direba ya leƙo yana faɗa: "Ku masu keke ba ku da hankali! Ga gehe can, mi kuka nema tsakar hanya?" Muna haɗa ido muka gane juna. Ɗanjuma ne, wanda ya banke ni, kuma shi ya kai ni asibiti.

"Kai na kuma?" in ji shi. "Ba ka daddara ba?"

Raina ya ɓaci. Na nuna masa shanyar na ce, "Sauko ka taka ta da ƙahwarka in gani, ni ko sai in bi ka da keke."

Ya dubi shinkafar. Sai ya ce, "Subhanallahi. Abinci na, wa ka taka shi?" Ya kunna fitilunsa duka ya ce, "Ku shiga gaba."

Jama'a, haka ya tare mana baya yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Fasinjoji na ƙorafi, motoci na oda, bai kula su ba har shanyar ta ƙare kusa da Ambursa. Ya ɗaga mana hannu ya wuce. Bello dariya har ya kusa faɗawa rami.

Argungu

Da hantsi muka shiga gari. Muka zauna bakin gulbi muka ci tuwon shinkafa da kifi, na kuma sayo wa Hadiza kifin banda. Rana na yin sanyi muka juyo.

Gida

Gab da magariba na iso, na jingine keken a waje. Hadiza ta duba gwiwoyina da kafaɗata, ba ko ƙwarzane. Ta fita da kanta ta turo keken cikin zaure, ta sa zane ta lulluɓe shi. Alhamdu lillahi, Allah kuma ya saka wa Ɗanjuma da alheri.