Bencin da Na Cire

A ƙauyenmu, arewa da Affala, ba a fara tatsuniya sai an gama cin tuwo an kife ƙwarya. Lokacin kaka ya fi daɗi, in an shigo da gero, kara ya yi yawa, babu mai yi wa yaro faɗa don ya ƙara guda a wuta. Kakata Tambara, mahaifiyar babana, takan zauna bakin ɗakinta bisa wani tsohon turmi da ya tsage, ta miƙe ƙafafu wajen wuta, tana ɓarar wake a faifai. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya sami gefen da hayaƙi ba ya bi.

Ni takan kira ni mijinta. In na ba ta haushi sai ta ce, "Mijin banza, ko goro bai taɓa kawo mini ba, sai baki awa na aku." Ba ta fara labari da gaggawa. Sai ta ga mun natsu, sannan ta ce, "Ga wata nan ta taso daga bayan dutse." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta iso, mun share mata wuri!"

Cikin duk waɗanda ta ba mu, ta Bushiya ce ta ƙi barina.

Ta ce a da can Bushiya ba ta da ƙaya ko ɗaya, jikinta sumul yake kamar na ɗan maraƙi. Wata rana ta sami babban gawo a bakin tabki, ta tufka igiyar kaba ta ɗaura lilo. Ƴaƴan namun daji suka riƙa zuwa. Da ta ga iyaye na rako su suna tsayuwa a rana, sai ta jawo gungume ta jera a inuwa, ta kafa randa ta cika da ruwa, ta rataye ludayi. Wurin ya zama dandali. Tsohon Kunkuru ma, wanda bai taɓa hawa lilo ba, kullum yana can bisa gungumensa yana kallo.

Sai aka yi haihuwa a danginsu Bushiya, ta bar wa Dila amanar wurin kwana uku. Dila ya zagaya ya duba, ya ce wannan baiwar Allah ba ta san abin da take da shi ba. Ya sare rassan inuwa ya kafa sababbin lilo da su. Ya mirgine gungumen cikin tabki, don mai zama ba ya hawa lilo. Ya janye randa cikin raminsa. Ya kewaye wurin da ƙaya ya bar ƙofa guda, duk mai shiga sai ya ajiye magarya cikin tafi, mai jin ƙishirwa ya ƙara wani tafin. Kafin kwana uku ramin Dila ya cika har baki.

A nan ne na tafa hannu, na ce, "Wallahi Dila ya fi ta hankali!"

Kaka ta daina ɓarar wake. Ta dube ni ta saman wuta ta ce, "Kai mijina, bari in ƙare, sannan ka yi ma abokinka guɗa."

Bushiya ta dawo ta tarar da shinge. Ta nemi Kunkuru, aka ce ya yi kwana biyu bai fito ba. Ba ta zagi Dila ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ta kutsa cikin shingen tana janye ƙaya da jikinta, ƙaya na kafewa a bayanta, har ta gaji ta dunƙule. Tun daga ranar, in ji Kaka, duk wanda ya matso kusa da ita sai ta dunƙule.

Muka jira mu ji abin da ya sami Dila. A sauran tatsuniyoyinta mugu ba ya tsira, ko rijiya ta ci shi ko wutsiya ta guntule. Amma sai ta ɗauki faifanta ta ce ta ƙare nan, wanda ya ji ya riƙe.

Na ce, "To Dila fa?"

Ta ce, "Ya ci magaryarshi, ya ƙoshi."

"Shi ke nan? Ashe shi ya ci riba!"

"Shi ya ci. Mi kake so in ce? Tashi ka kwanta, mijin banza."

Na kwanta ina ganin ni kaɗai na gane labarin.

Na girma na zo garin Tawa da tunkiya guda, yau ga shi ina loda shanu zuwa kudu. Ban taɓa cin amanar kowa a kasuwa ba, wannan zan iya faɗa gaban kowa. Amma sana'a ta gyara mini ido ta wata hanya: duk inda na shiga, ko gidan biki ne, abin da nake fara gani shi ne inda ake asara.

Ina da ɗiya, Hadiza, shekararta goma. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake kiranta, Inna kuma, mahaifiyar tawa, tana ce mata Takwara. Inna na zaune tare da mu, gwiwoyinta sun gaji, da sanda take tafiya. Bara na sauya salula na ba Hadiza tsohuwar, aka sa mata wani wasa a ciki. A wasan ana ba ka fili fetal, ka gina wurin shaƙatawa: ka shimfiɗa hanyoyi, ka dasa itatuwa, ka kafa lilo iri-iri, da wani jirgi mai hawa sama ya gangaro da gudu. Ƴan mitsi-mitsin mutane su riƙa shigowa da ƴaƴansu, kowa da ƴar fuska bisa kansa mai nuna ko yana jin daɗi ko ransa ya ɓaci. Wata biyar tana gininsa. Kullum in an yi magariba sai ta hau gadon Inna, su haɗa kai bisa salula suna ta magana ƙasa-ƙasa. Nakan wuce in gan su, ban taɓa tsayawa na ji me suke cewa ba.

Da hutun lekwal, wato makarantar boko, aka tashi bikin ƙanwar uwarta a Tebaram. Uwar ta ce ba za a tafi da salula ba. Hadiza ta same ni a zaure, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu.

"Baba, amana. Kullum ka buɗe sau ɗaya, ka taɓa wannan ƴar butar, furanni su sha ruwa. Shi ke nan. Kar ka taɓa komai."

Na ce, "Uwata, shanun mutane nake riƙewa, furanninki ne za su gagare ni?"

Ranar farko na taɓa buta na rufe. Rana ta biyu kasuwa ba ta ci ba, ina zaune a rumfa babu abin yi, sai na tsaya na duba wurin da kyau. Abin da na gani ya dame ni. Benci ko'ina, ka yi ƴan taku kaɗan ga wani, kowanne da itace a kansa. Famfon ruwa kyauta a kowace kwana, alhali ga rumfar sayar da lemo can babu kowa. Mutane sun baje a inuwa suna hamma, lilo na juyawa rabinsa wayam. Na ce yarinya ce, ba ta sani ba, bari in gyara mata kaɗan.

Na cire benci guda, wasan ya nuna fili ya samu. Na cire goma. Na tuge itatuwa na kafa rumfuna a gurbinsu. Na rufe famfuna, na sa mai gyaɗa da gishiri daf da mai lemo, dabarar da kowane ɗan tasha ya sani. Na ɗaga kuɗin ƙofa. Na karkata hanyar fita yadda sai mutum ya ratsa duk rumfunan kafin ya ga waje. Maƙwabcina na rumfa ya leƙo ya ce, "Alhaji, an koma lekwal ne?" Na ce ya bar ni, aiki nake. Fuskokin da ke bisa kawunan mutane suka fara yin ja, na gani, amma wasu na fita wasu na shigowa, akwatin kuɗin wasan kuwa sai cika yake. Rana ta huɗu har kofin zinariya ya fito a gilashin salula, da kiɗa da tafi. Ni, mai furfura a gemu, na ji daɗin wannan tafin.

Su Hadiza suka dawo da la'asar. Ko mayafi ba ta cire ba na kira ta ɗakin Inna, don ina so a yaba mini gaban mutane. Na ce, "Uwata, zo ki ga yadda ake riƙon wuri."

Ta karɓa tana murmushi. Ta ja yatsa hagu, ta ja dama. Murmushin ya tafi. Ta buɗe wani shafi mai jerin sunaye tana ta gangarawa, ta kai ƙarshe ta koma sama ta sake.

Inna ta gyara zama ta ce, "Takwara, hawo mu zaga, kwana huɗu ban fita ba." Ta matso da ido kusa da gilashi. "A'a. Ina bencina na gindin itacen nan? Ina itacen ma?"

Hadiza ta ce, "Baba ya gyara."

Na fara bayani, cewa benci ba ya kawo komai, wanda ya zauna ba ya hawa lilo. Da maganar ta fito daga bakina na ji kamar na taɓa jin ta a wani wuri, amma na ci gaba. Inna ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Mamman, ka san taku nawa nake yi kafin in nemi wurin zama?"

Ban sani ba. Mahaifiyata ce, a gidana take, ban sani ba.

"Goma sha biyu. Ita ta ƙirga, daga nan zuwa bakin rijiya. Shi ya sa duk taku goma sha biyu ta sa mini benci. Ruwan kuma don maganina ne." Ta yi ƴar dariya. "Ni ko cikin salula ba za a bar ni in zauna ba?"

Sai a lokacin aka nuna mini abin da suke yi kowace magariba. Cikin ƴan mutanen akwai wata tsohuwa mai sanda, Hadiza ta sa mata suna Inna. Ita suke bi, daga ƙofa zuwa benci, daga benci zuwa gaba, Inna na cewa yau a kai ta wajen jirgi ta ga masu ihu, gobe wajen tabkin agwagi. Matar da ta shekara biyu ba ta wuce ƙofar gida ba sai zuwa likita, kullum jikarta na fita da ita yawo. Sunan nan Hadiza ke nema a jerin. Daga ƙarshe ta same shi a shafin waɗanda suka tafi, an rubuta a gabansa da Faransanci, ta fassara mana ba tare da ta ɗago kai ba: ta gaji, ba ta sami wurin zama ba, ta koma gida.

Na ce a mayar da komai yadda yake. Ta ce wasan da kansa yake adana abin da aka yi, ba a komawa baya. Ana iya sake sa benci, amma itatuwa sai sun yi makonni kafin su yi inuwa, wanda ya tafi kuma ba ya dawowa.

Na sha zagi a kasuwa, an taɓa kama wuyan rigata gaban jama'a, ban ji abin da na ji a ɗakin nan ba. Washegari na kira ta zaure. Ba a saba uba ya ba ɗiyarsa haƙuri ba, ni ma ban iya ba, na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce, "Uwata, na ci amanarki. Ki yafe mini."

Ta ce, "Ba komai, Baba." Da sauri ta faɗa, cikin ladabi, irin yadda ake faɗa wa baƙon da ya taka maka ƙafa a mota. Ta tambaya ko ta tafi, na ce ta tafi.

Shekara arba'in ina ɗauka Kaka ta manta ƙarshen tatsuniyarta ne, ko barci ya kama ta. Ba ta manta ba. Ta san irinmu ba rijiya muke faɗawa ba. Mukan ci, mu ƙoshi, har a yi mana tafi. Babu abin da ya same ni. Kasuwata na nan, ɗiyata na gaishe ni safe da yamma, tana kawo mini ruwan alwala. Abin da ya lalace a jikinta yake, ni kuma sai dai in gani daga nesa. Ta share wancan wurin gaba ɗaya, da kofin zinariyar, ta fara sabo daga fili fetal. In na shigo ɗakin Inna da magariba sai ta kife salula bisa cinya har in fita.

Wata uku ana haka. Makon jiya ina ɗaure takalmi ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Baba, kana so ka gani?"

Na ce ina so. Ta zauna nesa da ni kaɗan, ta juyo gilashin wajena, tana riƙe da hannu biyu. Itatuwa sun fara inuwa. Na hango wata sabuwar tsohuwa a zaune bisa benci. Na kuma hango, don idona bai sauya ba, rumfar lemo a wani lungu inda babu mai bi, da fili babba a tsakiya da aka bari ga furanni kawai. Maganar ta zo mini har bakin harshe. Na haɗa hannuwana a baya na riƙe.

Ta ce, "Babu gyara?"

Na ce, "Babu, Uwata."

Ta dube ni ɗan lokaci, kamar yadda nake duban sa in mai shi ya rantse lafiyarsa ƙalau. Sannan ta nuna mini tabkin agwagi, ta nuna mini jirgi, ta rufe ta tashi. Ba ta miƙo mini ba, ni ma ban miƙa hannu ba.